Ɗaya Tamkar da Dubu: Tarihin Jarumi Tilo a Labaran Ɗauki-ba-Daɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana a Nijeriya daga shekarun 1970 zuwa farkon na 1990, da wuya a ce bai san irin littafin nan ba. Ɗan ƙarami ne mai shiga aljihun wando, bangonsa ya daɗe da yagewa, wani lokaci ma shafin farko da na ƙarshe sun bi iska. Duk da haka layi ake yi masa. Wanda ya karɓe shi da magariba an yanka masa wa'adin ya dawo da shi kafin ƙararrawar safe, saboda haka sai ya shige bargo da tocila, ya yi ta buɗe shafi har batir ya yi sanyi. Washegari za a gan shi a aji yana gyangyaɗi, amma da an tashi tara sai ya tara abokai yana ba su labarin yadda wani mutum guda, ba runduna ba mataimaki, ya tarwatsa gungun miyagu.

Da yawa daga cikinmu ta wannan ƙofa muka shiga duniyar karatu, ko da yake ba kasafai muke faɗa a gaban malamanmu na adabi ba. Manazarta sun daɗe suna yi wa irin waɗannan littattafai kallon na kashe lokaci, waɗanda ba su cancanci zama a tebur ɗaya da manyan ayyukan adabi ba. Mu kuwa muna ganin abin da ya hana miliyoyin mutane barci har fiye da shekara ɗari ya isa a tsaya a dube shi da idon basira. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan nau'i na ƙagaggen labari, wanda muka kira labarin ɗauki-ba-daɗi, tun daga inda ya tsiro a Ingila da Amurka har ya iso gare mu. Daga nan za mu nemi amsar wata tambaya mai ɗaure kai: yaya aka yi al'ummar da ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ta kamu da son jarumin da ke ɗaukar jinkar shi kaɗai?

Tsirowarsa a Ingila

Jarumi tilo ya girmi boko. Akwai shi a tatsuniya da hikaya da waƙar baka ta kowace al'umma. Sai dai irin wanda muke magana a kansa, mai agogo a hannu da bindiga a ƙugu, wanda jirgin ƙasa ke jira ko yake tsere masa, ɗan zamanin injin ɗab'i ne. A ƙarni na 19 karatu ya yaɗu a tsakanin leburorin Ingila da Amurka, takarda ta yi araha, sai 'yan kasuwa suka shiga buga ƙananan labarai na 'yan fashi da masu farautarsu, ana sayar da su kan kuɗi ƙalilan a tashoshin jirgi da bakin titi. Mai karatu a cikin jirgi ba ya da haƙurin dogon bayani, labarin da zai kai shi tasha yake so. Wannan buƙata ce ta haifi salon gaggawa.

Littafin da aka fi dangantawa da kafa tsarin shi ne The Thirty-Nine Steps na John Buchan, wanda ya fito a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Buchan ya fara rubuta shi ne yana kwance yana jinyar gyambon ciki. Tauraronsa, Richard Hannay, injiniyan haƙar ma'adinai ne da ya dawo Landan daga kudancin Afirka, zaman banza ya ishe shi. Kwatsam sai wani baƙo da ya nemi mafaka a gidansa ya ba shi labarin wata maƙarƙashiya, ba a jima ba aka kashe baƙon a cikin gidan. Daga nan Hannay ya zama abin farauta ta fuska biyu: 'yan sanda na nemansa da laifin kisa, 'yan leƙen asirin Jamus na nemansa don su rufe masa baki. Ya tsere zuwa tsaunukan Sikotilan yana sauya kama, kowane babi da sabon tarko.

A nan za mu ga ginshiƙai uku da suka zauna har yau. Na farko, jarumin ba ya iya kai ƙara, domin hukumar da ya kamata ta kare shi ita ce ke binsa. Na biyu, akwai ranar da idan ta zo bai warware ƙullin ba ƙasa za ta shiga uku. Na uku, maƙiyin yana sanye da tufar mutunci, yana zaune cikin manya. A 1939 Geoffrey Household ya ƙara matse zaren a Rogue Male, labarin wani maharbi Bature da ya saita bindiga a kan wani shugaban kama-karya na Turai, aka kama shi, aka azabtar da shi, ya kuɓuta, ya ƙare yana ɓoye a cikin rami a karkarar Ingila kamar gafiya. Maharbi ya koma abin farauta, mai karatu kuma yana cikin ramin tare da shi.

Reshen Amurka da Baturen da Ya Are Shi

A Amurka labarin ya bi wata hanya. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a ƙasar, sai fasa-ƙwaurinta ya azurta gungun 'yan ta'adda, suka sayi 'yan sanda da alƙalai da 'yan siyasa a birane da dama. Cikin wannan yanayi mujallar Black Mask, wadda aka kafa a 1920, ta reni marubuta irin su Dashiell Hammett da Raymond Chandler. Hammett ya taɓa aikin bincike a kamfanin Pinkerton, saboda haka ya san abin da yake rubutawa. A littafinsa Red Harvest na 1929, wani mai bincike da ko sunansa ba a faɗa ba ya shiga garin da miyagu suka raba a tsakaninsu, ya haɗa su faɗa har suka cinye juna. Jarumin Amurka ba ɗan sarauta ba ne, ba ya kuma yi wa sarki aiki. Talaka ne mai ofis ɗan ƙarami, wanda ya san birnin ya ruɓe, amma ya ƙi karɓar toshiya.

Abin mamaki, wanda ya kawo mana wannan Amurka har ɗakunan kwananmu bai zauna a cikinta ba. James Hadley Chase sunan alƙalami ne na René Lodge Brabazon Raymond, wanda aka haifa a Landan a 1906, ya rasu a Siwizalan a 1985. Kafin ya fara rubutu ya yi tallar littattafai gida-gida, ya kuma yi aiki da dillalan littattafai, don haka ya san abin da kasuwa ke so. Da taswirori da ƙamus na karin maganar titin Amurka ya zauna ya rubuta No Orchids for Miss Blandish, wanda ya fito a 1939 ya yi kasuwa ta ban mamaki. Ya bar littattafai kusan 90, galibinsu a biranen Amurka da ya gina daga karatu, har da wani birni na ƙage mai suna Paradise City da ya dasa a jihar Fulorida.

Tun da wuri aka yi masa ca. A 1944 George Orwell ya rubuta maƙala yana kwatanta littafin Chase da tsofaffin labaran ɓarawon nan mai ladabi, Raffles. Ƙorafinsa shi ne cewa a sabon salon an daina tambayar wa ke da gaskiya, ana tambayar wa ya fi ƙarfi, kuma ya danganta wannan da bautar ƙarfi da ta mamaye siyasar Turai a zamanin. Za mu dawo kan wannan ƙorafi, domin bai tsufa ba. Amma ya kamata mu yi wa Chase adalci. Da yawa daga cikin taurarinsa ba jarumai ba ne. Ma'aikacin inshora ne ko ɗan jarida ko mai sayar da kaya, wanda kwaɗayin kuɗi ko na mace ya ja shi ya taka sawun ɓarawo, ya yi ta nitsewa har ƙasa ta rufe shi. Mai karatu Bahaushe bai buƙaci a fassara masa wannan darasi ba, domin ya san kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ya kuma san alhaki kwikwiyo ne.

Daga Yaƙin Cacar Baka Zuwa Tashar Mota

Abin da ya ba wannan nau'i fiffike shi ne littafi mai bangon takarda. Kamfanin Penguin ya fara fitar da irinsa a Ingila a 1935 a kan sisi, Pocket Books ya biyo baya a Amurka a 1939 a kan santi 25. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da suka saba karatu a sansani suka dawo gida da ƙishirwar labari mai zafi. Mickey Spillane ya ba su Mike Hammer a 1947, mai bincike da ke yanke hukunci ya kuma zartar da hannunsa.

A 1953 Ian Fleming, tsohon jami'in leƙen asirin sojan ruwan Birtaniya, ya fitar da Casino Royale, James Bond ya shigo duniya. Yana da kyau mu lura da lokacin. Daular Birtaniya na rushewa, Indiya ta tafi tun 1947, Afirka na shirin tafiya, talakan Ingila bai gama fita daga rabon abinci da kati ba. Sai ga wani Bature guda yana yawo ƙasa-ƙasa, yana cin mai kyau, yana shan mai tsada, yana ceton duniya a madadin ƙasar da ƙarfinta ke raguwa. Abin da siyasa ta ƙwace, labari ya mayar. Fleming ya rasu a 1964, shekara biyu bayan fim ɗin Bond na farko, Dr. No, ya fito.

Frederick Forsyth ya fi kusa da mu. Ya zo Nijeriya a 1967 a matsayin wakilin BBC lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke, ya bar aikin, ya koma ɓangaren Biyafara, ya zama aminin Ojukwu, ya rubuta The Biafra Story a 1969, littafin da bai ɓoye ɓangaren da yake goyon baya ba. Da yaƙi ya kusa ƙarewa ya koma Landan ba ko anini, ya zauna kwana 35 ya rubuta The Day of the Jackal, wanda ya fito a 1971. Labarin wani makashi ne da ƙungiyar OAS ta yi hayarsa ya kashe shugaban Faransa Charles de Gaulle, bayan harin gaske da ta kai masa a watan Agusta 1962 ya ci tura. Kowa ya san de Gaulle a gidansa ya rasu a 1970, wato mai karatu ya san ƙarshen labari tun kafin ya buɗe shi, amma ba ya iya ajiyewa. Sirrin yana cikin bayanin yadda ake yin abu: yadda ake samun fasfo da takardar haihuwar yaron da ya mutu, yadda ake ƙera bindigar da za ta ɓuya cikin sandar gurgu. Forsyth ya gano cewa ɗan Adam yana jin daɗin kallon gwani yana aikinsa, ko da aikin mugu ne. Ya rasu a 2025.

Daga shekarun 1970 maƙiyi ya sauya wurin zama. Yaƙin Biyetnam da abin kunyar Watergate sun karya amanar da Amurkawa suka ba gwamnatinsu. A First Blood na David Morrell, 1972, Rambo tsohon soja ne da ƙasarsa ta koya masa kisa ta kuma yasar da shi, abokin gabarsa kuwa shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari ne. A The Bourne Identity na Robert Ludlum, 1980, an tsamo mutum daga teku bai san ko sunansa ba, hukumar da ta yi shi tana cikin masu son ganin bayansa. Wannan shi ne matuƙar kaɗaici, mutumin da ko tarihinsa ba ya tare da shi.

Na baya-bayan nan shi ne Jack Reacher. Mai shi, Lee Child, ma'aikacin talabijin ne a Ingila da aka sallama daga aiki a 1995, ya huce haushinsa a kan takarda, Killing Floor ya fito a 1997. Reacher tsohon manjo ne na 'yan sandan soja, ba gida, ba mata, ba jaka, sai buroshin haƙori a aljihu. Yana sauka daga motar haya a wani ƙaramin gari, ya tarar wani mai kuɗi ya danne mutane, ya karya shi, ya koma tasha. Idan muka jera su, za mu ga maƙiyi ya tashi daga ɗan leƙen asirin Jamus, ya koma ɗan ta'addan birni, ya koma wakilin Tarayyar Sobiyet, ya koma gwamnatin gida, ya ƙare a kan attajirin unguwa. Kowane zamani da abin tsoronsa, jarumin dai shi ne bai sauya ba.

Isowarsa Gare Mu

Ƙasar da wannan iri ya faɗa a kanta ba fako ba ce. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ta ba mu Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, jarumin da ya gwabza da Turawan mamaya sannan ya nausa gabas cikin ƙasashen aljannu. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa tsohuwar hikayar Rasha ce ta Ilya Muromets, amma ta zauna daram a bakin Hausa har yara da yawa ba su taɓa zaton baƙuwa ba ce. Wanda ya taso da Iliya da dokinsa Ƙwalele, ya taso yana jin kirarin mafarauta da 'yan tauri da 'yan dambe, ba zai ga baƙon abu ba idan mutum ɗaya ya fuskanci dubu.

Daga 1968 zuwa 1972 mujallar hotuna ta African Film, ta kamfanin Drum, ta gabatar da Lance Spearman, baƙar fata mai malafa da sigari wanda ke fafatawa da mugun nan Rabon Zollo. Ko wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya bin labarin ta hoto. Sai arzikin man fetur ya zo, shirin ilimin firamare kyauta ya fara a 1976, makarantu suka cika, littattafan Chase da Nick Carter da Alistair MacLean suka cika shaguna da tabarmin 'yan gwanjo daga Legas da Ibadan da Anacha har Kaduna da Kano. A 1977 kamfanin Macmillan ya buɗe jerin Pacesetters domin 'yan Afirka su rubuta irin nasu. Kalu Okpi ya rubuta The Smugglers, Valentine Alily ya ƙirƙiro jami'in leƙen asiri Jack Ebony a Mark of the Cobra, David Maillu na Kenya ya kawo Benni Kamba mai lamba 009, ɗan Kano Mohammed Sule kuma ya shiga jerin da The Undesirable Element, ko da yake nasa ya fi karkata ga zamantakewa. A karon farko ana tseren mota a titin da muka sani.

Cikin harshen Hausa, shekarar 1982 ce abin tunawa. A ita ce littattafan da suka yi nasara a gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya suka fito, ciki har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Na biyun ya girgiza masu karatu, domin ya kawo bindiga da miyagun ƙwayoyi da ragowar yaƙin basasa cikin zube na Hausa ba tare da kunya ba, kuma tauraronsa Mailoma ya fi kama da taurarin Chase masu mummunan ƙarshe fiye da Ganɗoki. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, littafin waje ya gagari ɗalibi, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Gurbin da suka bari shi ne matasan Kano suka cike da littattafan da suke bugawa da kuɗinsu. Soyayya ce ta fi yawa a cikinsu, amma labaran bincike da na yaƙi da na jarumta sun sami nasu kason a shagunan haya.

Me Ya Sa Ba A Iya Ajiye Shi?

Dalili na farko yana cikin zubi da tsari. Babi gajere ne, jimla gajera ce, kuma marubucin ba ya rufe babi sai ya buɗe wata ƙofa. Mai ba da tatsuniya da ke tsayawa daidai inda Dodo ya ɗaga kai ya san wannan dabara tun kafin a ƙera injin ɗab'i. Daɗin daɗawa, akwai agogo. Da zarar an ce saura kwana uku, kowane shan shayi da jarumin ya tsaya yi ya zama abin fargaba. Kasancewarsa shi kaɗai ma dabarar zubi ce, domin idan ido ɗaya ake kallon labari da shi, mai karatu ba ya sanin abin da ke bayan ƙofa sai jarumin ya buɗe ta.

Dalili na biyu shi ne sauƙin harshe. Ga ɗalibin da Turanci ya zame masa harshe na biyu ko na uku, littafin manhaja dutse ne da ake hawa da ƙamus a hannu. Chase kuwa gangara ne. Da yawa sun gama littafin Turanci na farko a rayuwarsu ta hannunsa, kuma wanda ya gama ɗaya ya san zai iya gama goma. Malaman da suka riƙa ƙwace waɗannan littattafai a aji, su ne kuma suka riƙa mamakin inda wasu ɗalibai suka samo zalaƙar rubutun insha'i.

Dalili na uku ya fi zurfi. Matashi a cikinmu yana rayuwa ne cikin igiyoyi: na iyaye, na dangi, na malamai, na masu unguwa, na kunya da kara. Igiyoyin nan su ne ke riƙe shi idan ya zame, amma suna da nauyi. Jarumi tilo ba ya neman izinin kowa, ba a aikensa, ba a yi masa faɗa, ba wanda ke jiran ya kawo kuɗin cefane. Sa'a biyu da ɗalibi zai yi cikin rigarsa hutu ne daga zama ɗan wani ko ƙanin wani.

Dalili na huɗu shi ne ƙishirwar adalci. Wanda ya ga shari'a ta shekara goma ba a yanke ba, ya ga mai laifi ya fito saboda yana da uwa a gindin murhu, ya ga an nemi ya ba da na goro kafin a saurari kukansa, zai sami sanyi a labarin da mugu ke karɓar sakamakonsa kafin shafi na 200. A duniyar nan tamu gaskiya takan yi jinkiri. A cikin littafin kuwa tana zuwa da gudu, kuma tana da ƙarfin damtse.

Abin da Ke Cikin Zumar

A nan ne ƙorafin Orwell yake dawowa. Marubuci ne ke tabbatar mana cewa wanda jarumin ya kashe mai laifi ne, domin shi ya halicce shi da laifinsa. A rayuwa babu wannan tabbaci. Taron da ya rufe wani da duka a kasuwa saboda an yi ihun ɓarawo, kowane ɗaya daga cikinsu yana jin kansa jarumi ne da hukuma ta gaza masa. Bugu da ƙari, tarihin siyasarmu ya nuna yadda muke saurin miƙa wuya ga mutum guda mai alƙawarin share ƙasa da tsintsiya ɗaya. Daga 1966 zuwa 1993 an sha tashinmu da kiɗan soja a rediyo, sau da yawa kuma an fita titi ana murna, sai daga baya a gane cewa wanda ba ya neman izinin kowa wajen hukunta mugu, ba zai nemi izinin kowa ba ranar da ya juyo kanmu.

Akwai kuma yadda waɗannan littattafai suka kalle mu. A The Dogs of War na Forsyth, 1974, 'yan tsirarun sojojin haya ne suka kifar da gwamnatin wata ƙasar Afirka ta ƙage, 'yan ƙasar kuwa galibi 'yan kallo ne a labarin ƙasarsu. A Live and Let Die na Fleming, 1954, an zana baƙar fata da alƙalamin raini. Mace kuma a yawancinsu ko tarko ce ko tukuici. Mun karanta duk wannan muna goyon bayan jarumin, ba mu lura ba cewa da a cikin labarin muke, da muna cikin waɗanda ake harbewa a shafi ɗaya ba tare da an faɗi sunansu ba.

Kammalawa

Duk da haka ba mu zo yi wa jarumi tilo jana'iza ba. Ya koya wa dubbanmu karatu, ya kuma koya wa marubutanmu darasin da jami'a ba ta cika koyarwa ba, wato cewa haƙƙin mai karatu ne a riƙe hankalinsa. Yau ya bar bangon takarda ya koma waya, ana sauraronsa a littattafan da ake karantawa a YouTube, ana kallonsa a finafinan da aka juya zuwa Hausa. Ƙishirwar da ta sa aka ƙona batir a cikin bargo tana nan.

Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu wane irin jarumi za mu rubuta. Muna da samfuri a gida. Bayajida ma baƙo ne, shi kaɗai ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa aka ce masa macijiya ta hana ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya je ya sare ta. Har zuwa nan labarinsa da na Reacher tafiyarsu ɗaya. Amma Reacher da ya gama sai ya nufi tasha, ya bar wa mutanen gari gawarwaki da tambayoyi. Bayajida kuwa ya zauna, ya yi aure, ya haihu, zuriyarsa ta ɗauki nauyin garuruwa. Kakanninmu da suka adana wannan labari sun san sare kan macijiya aikin dare ɗaya ne, raba ruwan rijiya da adalci kuwa aikin kowace safiya ne, kuma ba ya yiwuwa da hannu ɗaya.

Marubucin Hausa da zai iya riƙe gudun Chase da ƙwarewar Forsyth, ya ajiye jaruminsa a Sabon Gari ko Agege ko dajin Zamfara, sannan ya hana shi hawa mota ya gudu a shafin ƙarshe, ya sa shi ya tsaya a gaban alƙali da gaban mahaifiyar wanda ya kashe, shi ne zai ba mu littafin da za a yi wa layi a ɗakin kwana a kuma karanta shi a aji. Mai yiwuwa yana cikin masu riƙe da wannan mujalla a yanzu.